Gurbin Karatun Likita: Yadda Ɗalibi Zai Auna Damarsa Kafin Ya Cike Takarda

Garin Aliero ya yi suna a ƙasar Hausa da abubuwa biyu, noman albasa da sana'ar ɗori. Tun kaka da kakanni ake kawo masu karaya daga wurare masu nisa domin a gyara musu ƙashi. Daga shekarar 2006, sa'ad da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Shehu Abdullahi Fodiyo, sai sha'awar karatun kimiyya ta ƙara shiga zukatan matasan yankin. A yau, daga Jega zuwa Maiyama, har ƙauyuka irin su Jiga Makera, idan an tambayi ɗaliban ajin kimiyya abin da suke son zama, amsar da aka fi ji ita ce likita. Tambayar da ke biye kuwa ita ce wadda ke hana iyaye barci: da makin da yaro ya samu, za a ɗauke shi?

Wannan tambaya ba ta da amsar "i" ko "a'a" kai tsaye, amma tana da lissafi. Maki shi kaɗai ba ya nuna komai sai an san yawan guraben da ke akwai, da yawan masu neman su, da kuma rukunin da ɗalibi zai fafata a cikinsa.

Dalilin ƙarancin gurabe

Jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likita yadda ta ga dama. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke amincewa da tsarin karatun, sannan Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙora ta Nijeriya, MDCN, ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar a shekara. Ana yanke wannan adadi ne bayan an duba yawan malamai ƙwararru, da ɗakunan gwaje-gwaje, da gadajen asibitin koyarwa, da yawan majinyatan da ɗalibai za su koyi aiki a kansu. Malami ɗaya na iya karantar da tarihi ga mutum ɗari biyar a zaure guda, amma ba zai yiwu mutum hamsin su kewaye gadon majinyaci ɗaya suna koyon sauraren bugun zuciya ba. Saboda haka ne guraben kowace makarantar likita ba su wuce gommai ko 'yan ɗaruruwa ba, alhali masu nema dubbai ne.

Matakin farko: sakamakon sakandare

Kafin a kai ga maganar maki, akwai ƙofar da ba a ciniki a kanta. Dole ɗalibi ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a darussan Ingilishi da Lissafi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da yawa kan bukaci a same su a zama ɗaya ga mai neman karatun likita, wato ba a haɗa sakamakon jarrabawa biyu. Wanda ya rasa kiredit a Fizik, ko da ya fi kowa maki a sauran jarrabawa, damarsa sifiri ce a wannan shekarar. A nan ne ɗaliban karkara suka fi tuntuɓe, domin makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ko malamin Fizik tsayayye takan bar ɗalibanta da haddar abin da ba su taɓa gani da ido ba.

Mataki na biyu: jarrabawar JAMB

An kafa hukumar JAMB a shekarar 1978 domin daidaita shiga jami'o'i, kuma tun 2015 ake rubuta jarrabawarta gaba ɗaya da kwamfuta. Mai neman karatun likita yana amsa tambayoyi a darussa huɗu: Ingilishi, Fizik, Kemistiri da Bayoloji. Jimillar maki 400 ne. Don a gane nauyin kowane maki, ya kamata a duba yadda sakamako ke rarrabuwa. A jarrabawar 2024, wadda mutum kusan miliyan biyu suka rubuta, fiye da kashi 75 cikin 100 ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba.

Wannan na nuna cewa mai maki 250 ya yi fice a ƙasa baki ɗaya. Sai dai fa ba da ƙasa baki ɗaya zai fafata ba. Masu manyan makin nan sukan taru ne a 'yan fannoni kaɗan, likita na kan gaba a cikinsu. Gwanin kokawar ƙauye idan ya je dandalin da gwanaye suka haɗu, sai ya tarar kowa gwani ne. Haka kuma mafi ƙarancin makin da JAMB da shugabannin makarantu ke sanarwa kowace shekara, maki ne na cancantar neman shiga jami'a kawai. Makin da sashen likita ke tsayawa a kai yana sama da shi nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: tantancewar jami'a

Tun shekarar 2005 jami'o'i ke yin tasu tantancewar bayan JAMB. Wasu na shirya jarrabawa, wasu na ba da maki bisa darajar sakamakon sakandare, wasu na haɗa duka biyun. Wata hanya da wasu jami'o'i ke bi ita ce a raba makin JAMB gida 8, a raba na jarrabawar jami'a gida 2, a tara su su ba da jimilla cikin 100.

Alal misali, a ɗauki ɗalibai biyu. Na farko ya sami 310 a JAMB, amma ya saki jiki, ya sami 56 a jarrabawar jami'a. Lissafinsa shi ne 38.75 a tara da 28, jimilla 66.75. Ta biyu ta sami 280 a JAMB, ta dage ta sami 70 a jarrabawar jami'a. Nata lissafin 35 ne a tara da 35, jimilla 70. Wadda aka fi da maki 30 a farko ita ce ta shige gaba. A wannan tsari, maki ɗaya na jarrabawar jami'a daidai yake da maki huɗu na JAMB. Tun da kowace jami'a da nata ma'aunin, wajibi ne ɗalibi ya nemi sanin na jami'ar da ya zaɓa.

Kwanduna uku

Jami'o'in gwamnatin tarayya na raba gurabensu kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, inda ake ɗaukar mafi maki daga ko'ina a ƙasa. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Sauran kashi 20 an keɓe su ga jihohin da aka ƙidaya a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilmin zamani, kuma Kebbi na cikinsu. Idan makaranta na da gurbi 100, ke nan 45 ne kawai a buɗe ga kowa da kowa.

Ga ɗan Jiga Makera, wannan rabo na da ma'ana babba. Idan ya zaɓi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, yana da hanyar shiga ta kowane kwando daga cikin ukun, domin Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, tana cikin yankinta. Haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kallon jihohin Arewa a matsayin yankinta, sai dai yawan masu nemanta ya sa gasar ta fi zafi. Idan kuwa ya zaɓi Jami'ar Ibadan, kwandon yanki ya kuɓuce masa. Maki ɗaya ne a hannunsa, amma damarsa ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Jami'o'in jihohi kuma sukan fifita 'yan asalin jiharsu. Ya kamata a lura cewa a fanni mai cinkoso irin wannan, jami'ar da aka sa a zaɓi na farko ita ce ke duba mutum.

Tarkon labarin "ɗan wane"

A kowace unguwa akwai labarin ɗan wane da ya shiga da ƙaramin maki. Labarin na iya zama gaskiya, amma ba ma'auni ba ne. Masana ƙididdiga sun daɗe da gane wannan kuskure: ana jin labarin wanda ya dace, ba a jin na ɗaruruwan da suka sami irin makinsa aka bar su a gida, domin ba wanda ke yayata rashin nasara. Ƙari a kan haka, makin da ake tsayawa a kai yana sauyawa kowace shekara gwargwadon ƙoƙarin masu nema. Abin da ya fi amfani shi ne a tattara makin da jami'a ta tsaya a kai a shekaru uku ko huɗu da suka gabata, a rukunin da ɗalibi yake. Wanda ya haura dukansu yana da kyakkyawan zato. Wanda ya faɗo tsakaninsu yana kan siraɗi. Wanda yake ƙasa da dukansu kuwa, gara ya sake shawara tun ƙofar canjin fanni ko canjin makaranta tana buɗe.

Tun 2017 kowane gurbi na halal yana bi ne ta tsarin CAPS na JAMB, inda ɗalibi ke ganin tayin da aka yi masa ya karɓa ko ya ƙi. Duk wanda ya nemi kuɗi da alkawarin samar da gurbi ta bayan fage, abin gudu ne. Haka nan, kafin a zaɓi sabuwar makarantar likita, a tabbatar MDCN ta amince da ita, domin rashin amincewar kan tsayar da ɗalibai shekaru ba su kammala ba.

Idan ba a dace ba

Hanyar shiga ba ɗaya ba ce. Akwai shiga kai tsaye zuwa shekara ta biyu ga wanda ya yi fice a shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ko makamancinsa, ko da yake guraben wannan hanya sun fi ƙaranci. Akwai sake rubuta JAMB bayan shekara guda ta shiri na gaske. Akwai kuma fannonin haɗa magunguna, da jinya, da gwajin jini, da ɗaukar hoton cikin jiki, waɗanda asibiti ba ya tafiya sai da su. A Jega ma akwai kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, wadda ɗalibanta ke riƙe da ɗakunan shan magani na karkara.

Shi ma wanda ya dace, aiki na gabansa. Karatun shekara shida ne, kuma jarrabawar da ake yi kan sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaransu, kafin a shiga asibiti, takan tankaɗe wasu. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin manya, sannan bautar ƙasa.

Manomin albasa a Aliero ba ya zuba iri sai ya duba ƙasa, ya auna ruwa, ya tambayi farashin bara. Irin wannan natsuwa ake bukata daga uba da malami da ɗalibi kafin a cike takardar JAMB: a duba kiredit biyar ɗin nan, a san ma'aunin jami'ar, a san kwandon da za a shiga, a kuma tanadi zaɓi na biyu da zuciya ta yarda da shi.