Kukan Talaka a Tsofaffin Finafinan Tamil

Duk mai ɗaukar fim ɗin Indiya soyayya ce da rawa kawai, bai kalli tsofaffin finafinan Tamil na kudancin ƙasar ba, domin jigon da yawa daga cikinsu zalunci ne da neman adalci. A Parasakthi na 1952, wanda Karunanidhi ya rubuta, yaƙi ya raba 'yan'uwa, ƙanwarsu ta rasa miji ta shiga bara, har mai hidimar ɗakin bauta ya nemi keta mutuncinta. Wasu na cewa farfagandar jam'iyyar DMK ce, tunda marubucin ɗan jam'iyyar ne, har ya zama babban ministan jihar Tamilawa a 1969. Haka ne, amma yunwa da cin zalin mata ba ƙirƙirarsa ba ce. Talakawa sun rungumi fim ɗin ne domin rayuwarsu suka gani a ciki.