Hoton biki da labarin hari a shafi ɗaya: abin da masu rubutu a Kudancin Kaduna suka gani

A watan Janairun 2017, Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙoƙi na Chocolate City, ya wallafa a shafinsa na Twitter cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Kafin hukumar kwalejin ta fito ta ce babu ɗalibinta da aka kashe, labari ya riga ya zaga ƙasa. Maikori ya janye maganar, ya nemi afuwa, ya ce direbansa ne ya ba shi labarin. Duk da haka 'yan sanda suka kama shi a Legas a watan Fabrairu. A watan Oktoba na shekarar, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce an tauye masa haƙƙi, ta yanke a biya shi diyyar naira miliyan 40, kuɗin da kotun ɗaukaka ƙara ta rage daga baya.

An yi ta muhawara a kan kamun, amma ba a cika tsayawa a kan inda maganar ta fito ba. Shafi ne na mutum ɗaya, wanda yake tallata mawaƙansa a ciki, yake raha da abokai. Babu edita, babu wanda zai ce masa ya dakata a kira kwalejin tukuna. Magana irin ta cikin mota, tsakanin maigida da direbansa, ta wayi gari ta zama rahoto domin mai shafin sananne ne.

Wannan yanki ya san nauyin magana tun kafin zuwan intanet. Rikicin watan Maris na 1987 ya tashi ne daga wani taron wa'azi a kwalejin ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A lokacin labari yana bin mota da jirgin ƙasa ne, kasancewar garin mahaɗar layin dogo. Yau yana bin wayar da ke aljihun kowa.

Galibin masu rubutu kan al'amuran yankin, malaman makaranta ne ko ma'aikatan lafiya ko matasan da suka gama karatu, shafi ɗaya suke da shi a Facebook. A nan ake ganin hoton sunan jariri, da kayan makarantar yara mai ɗauke da tambarinta, da ƙofar coci ko masallacin da mutum ke zuwa. A nan kuma, ƙasa kaɗan, ake ganin doguwar magana mai zafi kan harin da aka kai wani ƙauye a Kaura ko Zangon Kataf. Wanda rubutun ya ɓata wa rai ba ya bukatar wani bincike: mai shafin da kansa ya nuna masa matarsa, da unguwarsu, da wurin aikinsa. A gari irin Kafanchan, inda tun bayan rikicin zaɓen 2011 sunan unguwa kan faɗi addinin mazauninta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Raba wuraren biyu ba aiki ne mai wuya ba. Facebook kansa ya bambanta shafin mutum, wanda ba ya wuce abokai 5,000 kuma ana iya kulle shi ga dangi da aminai, da shafin jama'a wanda kowa zai iya bi. Mai son yin sharhi kan tsaro ko siyasa yana iya buɗe na biyun, ko ya aika rubutunsa jarida, ya bar na farkon ga 'yan gida. Ribar farko ita ce iyali sun fita daga fagen. Ta biyu kuwa, wadda ba a cika lura da ita ba, jinkiri ne. Mutumin da sai ya tashi daga wannan shafi ya koma wancan, ya sa take, ya faɗi inda ya samo labari, ya sami minti goma da zuciya za ta ɗan huce, ya tambayi kansa ko ganau ne shi ko jiyau.

Sai dai kada a ɗauka rabuwar garkuwa ce daga hukuma. Luka Binniyat ɗan jarida ne, kuma a jaridar Vanguard ya buga wancan labari na Gidan Waya, amma ya shafe kimanin wata uku a tsare a 2017. An sake kama shi a Nuwamban 2021 kan wani rahoto da ya rubuta wa Epoch Times game da kashe-kashen Madamai, bai fito ba sai a Fabrairun 2022. Steven Kefas kuwa, a Fatakwal aka kamo shi a watan Mayun 2019 bayan ya yaɗa wani rahoton Sahara Reporters a Facebook, ya kwana 162 a kurkukun Kaduna. Tun a 2016 ma, Dokta John Danfulani na Jami'ar Jihar Kaduna ya fuskanci dakatarwa daga aiki da kuma shari'a saboda rubutun da ya yi a Facebook, inda sunansa da muƙaminsa suke a fili.

Sunan boge ma ba mafaka ba ne. Tun daga Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma yawancin shafuka da lambar waya ake buɗe su. Bugu da ƙari, rahoton hari daga bakin wanda ba a san shi ba yakan zama tsegumi ne kawai, ko kuma makamin masu son hura wuta. Mai rubutu na gari yana sa sunansa a kan abin da ya faɗa. 'Ya'yansa ne ba su da dalilin tsayawa kusa da shi a wurin.

Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon cin fuska ko na ƙarya. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a Fabrairun 2024. Gyaran ya cire batun ɓata wa mutum rai, amma ya bar hukunci ga wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne domin tayar da zaune tsaye, ko a wane shafi ya rubuta shi.