Rurin salansa: Abin da ya kamata ku sani kafin a kai wa mai walda

Duk wanda ke bin titin da ya tashi daga Kano ya nufi Gwarzo, ya ratsa Rimin Gado da yankin Kabo, ya san wannan ƙarar. Tun babur bai bayyana ba za a ji shi yana tatata kamar ana harbi, kaji su watse, tsofaffi su toshe kunne, yara kuwa su bi shi da kallo. A ranar ɗaurin aure ko ranar Sallah abin ya fi yawa, domin a nan samari ke gwada na wa ya fi ruri. A Gammo da ƙauyukan da ke kewaye da ita babur ya fi mota yawa, musamman da yake haramcin acaɓa da gwamnatin Kano ta yi a watan Janairun 2013 ya shafi ƙananan hukumomin cikin birni ne, a karkara kuwa har gobe babur ne ke kai mutane kasuwa da gona da asibiti. Masu ƙananan motoci ma ba a bar su a baya ba.

Mun san da yawa daga cikinku wannan ƙara tana burge ku, wasu ma suna jiran ranar da za su mallaki nasu abin hawan su kai wa mai walda ya "buɗe" salansa. Sha'awar sauti mai daɗi ba laifi ba ce. Manyan kamfanonin mota ma suna kashe kuɗi a kanta. Sai dai yadda suke yi da yadda ake yi a bakin titi sun sha bamban, kuma bambancin yana cikin darasin kimiyyar da kuke yi a aji.

Daga ina ƙarar take fitowa?

A cikin injin akwai silinda, wato rami mai kama da gwangwani wanda fistan ke hawa da sauka a ciki. Fetur da iska suna shiga, fistan ya matse su, filogi ya kyasta wuta, su fashe su tura fistan ƙasa. Sai bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi ya fito da ƙarfi ya shiga bututu. Kowace fitowa tana bugun iska sau ɗaya, kuma jerin wannan bugu ne kunnenmu ke ji a matsayin ƙarar injin.

Ga lissafin da za ku iya yi da kanku. A yawancin motoci da babura irin su Bajaj Boxer, kowace silinda tana fashewa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na injin. Idan babur mai silinda ɗaya yana juyi 3,000 a minti, juyi 50 ke nan a daƙiƙa, wato bugu 25. Mota mai silinda huɗu a wannan gudun tana bugu 100 a daƙiƙa, mai silinda shida kuma 150. Shi ya sa babur ke tatata a rarrabe, babbar mota kuma take ruri a haɗe. Abin lura a nan shi ne, kiɗan daga injin yake. Ko wace irin salansa aka ɗaura wa Boxer, ba za ta yi muryar mota mai silinda shida ba.

Bututu kuma shi ke gyara muryar. Ku kwatanta kakaki da algaita: kakaki dogo ne, muryarsa mai kauri, algaita gajera ce, muryarta siririya mai kaifi. Haka shantu yake, tsawon ƙwaryar da faɗinta su ke yanke irin amon da za ta bayar. Tsawon bututun hayaƙi da faɗinsa suna aiki ne da wannan ƙa'ida.

Me ke cikin salansa?

Idan aka tsaga salansar mota za a tarar da ɗakuna biyu ko uku, da bututai masu ƙananan huji, da faifan ƙarfe da suka raba ɗakunan. Sauti yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, da tudu da kwari. Injiniyoyi suna auna girman ɗakunan ta yadda sautin da ya bugi bango ya dawo zai ci karo da wanda ke shigowa, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, su kashe juna. Wasu salansoshin kuma ana cusa musu audugar gilashi, wadda ke shanye sauti mai kaifi ta bar mai kauri ya wuce.

Dabarar ta daɗe. A 1897 wani Ba'amurke mai suna Milton Reeves da ɗan'uwansa suka yi rajistar salansar injin, tun motoci ba su yawaita ba, saboda ƙararsu tana firgita dawaki da mutane.

Kafin hayaƙi ya kai ga salansa, a yawancin motocin zamani yana bi ta wata tukunya da kanikawanmu ke kira indomi, saboda cikinta mai ƙananan ramuka ya yi kama da taliyar da ba a dafa ba. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda ke juya iskar guba ta koma mai sauƙin illa. A Amurka an fara sa ta a yawancin sababbin motoci daga 1975. Tsadar ƙarafan ce ta sa ɓarayi ke sace ta, ta kuma sa wasu ke zuga mai mota ya cire, su ce masa mota za ta ƙara gudu, alhali abin da ke ciki suke so.

Ƙara ba ƙarfi ba ce

Abin da aka fi yi a bakin titi iri uku ne: a huda salansa, ko a tsaga ta a ƙwaƙule faifan da ke ciki a sake liƙewa, ko a cire ta gaba ɗaya a jona miƙaƙƙen bututu. Mai abin hawa ya murɗa totur, ya ji ƙara ta ninka, sai ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru. Sau da yawa kunne ne ke ruɗarsa.

Dalili kuwa shi ne, an ƙera injin da bututunsa ne a matsayin abu ɗaya. Hayaƙin da ke gudu a cikin bututu mai daidaitaccen faɗi yana barin gurbi a bayansa, gurbin kuma yana taimakawa wajen zuƙo sauran hayaƙin daga silinda. Idan bututu ya yi faɗi da yawa, gudun hayaƙin yana raguwa, kamar yadda ruwan tiyo ke yin sanyi idan aka sake bakinsa. Sakamakon haka injin yakan rasa ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wato daidai inda ake buƙatarsa idan an ɗora buhun masara biyu ana hawa tudu, ko ana fita daga yashi.

A babur mai kafireto akwai wata matsalar. An saita kafireton ne da salansar da babur ya zo da ita. Idan aka buɗe salansa ba a sake saiti ba, iska takan fi fetur yawa a haɗin, injin ya riƙa zafi fiye da ƙima, ya riƙa tas-tas idan an saki totur, daga baya bawul ya iya ƙonewa. A mota mai kwamfuta kuwa, akwai na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi tana aika wa kwamfutar rahoto. Idan aka lalata ta garin yanke-yanke, fitilar gargaɗi ta kama, shan mai ya iya ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da lita guda take ci a aljihu. Ga shi kuma mai salansa mai ƙara ba ya rabuwa da murɗa totur don a ji shi, kowace murɗa kuwa kuɗi ce ke fita ta bututu.

Kunne ba shi da safaya

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Babur na yau da kullum yana iya kaiwa kusan 95 a kunnen wanda ke kansa, wanda aka ƙwaƙule wa salansa kuwa yana iya haura 100. Ma'aunin yana da wata ɗabi'a: ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙara mai desibel 85. Da an ƙara 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 kuma minti 15 kacal. Ku auna wannan da matashin da ke wuni a kan babur daga Gammo zuwa Kabo, daga Kabo zuwa Gwarzo.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, su ke juya girgizar sauti ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana lalata su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin yana zuwa a hankali, ba ciwo ba jini. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi bayan an sauka daga babur, ko mutum ya riƙa cewa "na'am?" idan ana magana cikin jama'a. Ɗalibin da jinsa ya ragu yana iya zama a aji yana ganin bakin malam na motsi, rabin bayanin kuma yana wuce shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna fuskantar haɗarin rasa ji saboda yawan sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ta ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don faɗakarwa kan lafiyar ji. Fistan da bawul ana samun su a Ƙofar Ruwa. Kunne babu inda ake sayar da shi.

Akwai haɗarin da ya fi wannan saurin kisa. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200. Ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. An kai bakin salansar mota can baya ne don hayaƙi ya fita nesa da fasinja. Idan aka datse bututun a ƙarƙashin mota, ko walda ta bar huji, hayaƙin yana iya shiga ciki ta tsagar ƙasan motar. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗi su ne alamun farko, gyangyaɗin direba kuwa kun san ƙarshensa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Sannan ga haƙƙin jama'a: jariri mai barci, majiyyaci a asibiti, masu sallah, da 'yan uwanku da ke rubuta jarrabawa. Dokar ƙasa ma ta san da zancen. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009. A birnin Paris na Faransa har an fara gwada na'urori a 2022 masu auna ƙarar abin hawa su ɗauki lambarsa.

Yadda masana ke yi

Sauti sana'a ce babba a duniyar motoci. A 1994 kamfanin babura na Harley-Davidson ya nemi a yi masa rajistar ƙarar injinsa a matsayin tambarinsa, aka yi ta ja-in-ja da wasu kamfanoni har ya janye a 2000. Da Toyota za ta ƙera motarta Lexus LFA, ta haɗa kai da Yamaha, wadda ta shahara wajen ƙera kayan kiɗa, don a tsara muryar motar. Motocin lantarki kuwa shirunsu ya yi yawa, har Tarayyar Turai ta wajabta daga Yulin 2019 a sa wa sababbin samfura na'urar fitar da sauti idan suna tafiya a hankali, don makafi da masu tafiya a ƙasa su ji zuwansu. Duk waɗannan ayyuka ne na awo da lissafi, ba wanda aka yi da guduma da ƙusa.

Idan yayanku ko mahaifinku ya nace sai ya canza muryar abin hawansa, ku ba shi waɗannan shawarwari. Ya bar indomi da na'urar awon oksijin a inda suke. Ya nemi salansa ƙerarriya wadda ta dace da girman injinsa, maimakon ƙwaƙule ta asali. Bakin bututu ya fita har bayan mota, kuma a duba ko'ina babu yoyon hayaƙi. Idan babur ne mai kafireto, bakanike ya sake saiti. Ya ajiye tsohuwar salansar, domin ranar sayarwa mai saye zai fi son abin da ba a taɓa ba. In kuma ƙarar ta kai sai an ɗaga murya kafin wanda ke kusa ya ji magana, to ta wuce gona da iri.

Ku gwada da kanku

Ku samu kwalaben lemo uku iri ɗaya. Ku bar ɗaya babu komai, ku zuba wa ta biyu ruwa zuwa rabi, ta uku kuma kusan cikawa. Ku hura iska a gefen bakin kowace. Wadda ba ta da ruwa za ta ba da murya mai kauri, mai ruwa da yawa kuma siririya, saboda girman gurbin iska ne ke yanke muryar. Masanin kimiyya na Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan ƙa'ida tun ƙarni na 19, kuma da ita ake auna wasu ɗakunan da ke cikin salansa har yau. Idan akwai waya a gida, akwai manhajojin awon desibel na kyauta. Ku auna injin niƙa da janareta da babur, ku rubuta sakamakon, ku kai wa malamin kimiyya ku tattauna.

Wanda kuma ya ji harkar ta shiga ransa, hanya a buɗe take. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnatin Kano a wurare irin su Bagauda da Wudil da Ungoggo inda ake koyar da sana'o'in hannu a zana jarrabawar NABTEB, akwai sashen injiniyanci a Jami'ar Bayero da ke kan wannan titin na Gwarzo, ga kuma babbar makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya da aka kafa a Kabo. Yankinmu cike yake da babura da injinan ban-ruwa da janareta, kuma yana buƙatar kanikawa da injiniyoyin da suka san dalilin kowane huji da ke cikin salansa kafin su taɓa ta.