La'adar Gwanjo A Intanet

Duk wanda ya saba da kara ya san dillali ba ya aikin banza. To, haka abin yake a eBay, watau kasuwar gwanjon intanet da aka kafa a Amurka cikin 1995. Da zarar an sayi kaya, kamfanin yakan zare la'adarsa, wajen dala 13 cikin kowace dala 100 a yawancin kayan da ake sayarwa a Amurka, har da kuɗin aikawa a cikin lissafin. A Fabrairun 2008 da aka ƙara la'adar, wasu masu kaya sun ƙaurace wa kasuwar har mako guda. Saboda haka ɗan kasuwa mai lura yakan fid da rabon dillali tukuna kafin ya yanka farashi, don kada uwar kuɗi ta taɓu.