Sanin Ciwon Da Ya Ɗauki Iyaye Haƙƙi Ne Na 'Ya'ya

Kusan duk sanarwar rasuwa da ake ji a rediyo ko ake gani a Facebook da ɗayan jimloli biyu take ƙarewa: wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ko wance ta rasu bayan doguwar jinya. Haka maganar take zama a cikin gida ma. 'Ya'ya sukan riƙe ranar da mahaifinsu ya cika, da limamin da ya sallace shi, da wasiyyar da ya bari, da waɗanda suka zo ta'aziyya daga nesa. Amma idan aka tambaye su sunan ciwon, sai a ji "jiki ne ya ƙi", ko "ciwon tsufa ne", ko "kwana ne ya ƙare". Ra'ayina shi ne wannan giɓi yana cin rayuka. Sunan ciwon da ya kwantar da uwa ko uba, da shekarun da ya same su, da yadda ya faro, ilimi ne da ya kamata a riƙe a kuma miƙa wa na baya, kamar yadda ake riƙe lissafin bashin mamaci da iyakar gonarsa.

Dalili na farko na likitanci ne. Da yawa daga cututtukan da ke kashe manya suna bin jini ko suna bin gida. Wanda iyayensa suka yi hawan jini ya fi waninsa kusa da kamuwa, kuma ciwo ne da yake shekaru ba ya nuna alama, sai ranar da ya zo da shanyewar ɓarin jiki ko ya lalata ƙoda. Awonsa bai wuce 'yan mintuna ba, kuma idan ma'auni ya riƙa nuna 140/90 ko sama da haka, lokacin ganin likita ya yi. Ciwon suga na manya ma haka yake bin dangi. Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi ciwon dajin mama, haɗarinta ya kai kusan ninki biyu na sauran mata, kuma namijin da mahaifinsa ya yi ciwon dajin mafitsara na furostet yana cikin irin wannan hali. A ciwon dajin hanji, likitoci kan ba 'ya'ya shawarar fara bincike tun suna shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na mahaifin. Wanda bai san komai ba sai "ciwon ciki ne ya kashe Baba" ba shi da yadda zai yi wannan lissafi.

Ciwon hanta nau'in B ya fi fito da abin fili. Yana iya wucewa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, kuma kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu da shi suna rayuwa da ƙwayar cutar har girmansu. Uwar da ta rasu da kumburin ciki da idanu rawaya, aka ce shawara ce, tana iya barin 'ya'ya suna ɗauke da cutar ba su sani ba, alhali akwai gwaji, akwai maganin da ke danne ta, akwai kuma allurar rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Wannan tunani ne ya sa Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwaji kafin aure, har da na ciwon hanta da na nau'in jini (genotype) saboda sikila. Gwajin ranar aure yana da amfani, amma tarihin gida yana iya kai mutum asibiti shekaru kafin ya fara neman aure.

Dalili na biyu shi ne kusan babu wani wurin da ake ajiye wannan bayani in ba a bakin iyali ba. Tun 1992 dokar Najeriya ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mutuwar da ake rajista kaɗan ce ƙwarai. Mutane da yawa a gida suke cikawa, a yi musu sutura cikin 'yan sa'o'i kamar yadda addini ya koyar, ba tare da takardar likita ba. An ga sakamakon haka a Kano cikin Afrilun 2020, lokacin da dattawa suka yi ta rasuwa, masu haƙar kabari suka riga hukuma sanin yawan gawarwakin. Sai da jami'an lafiya suka bi gida-gida suna tambayar iyalai alamomin da suka gani, sannan Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mutum 979 da aka ƙirga, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Abin da 'ya'ya da matan mamatan suka iya tunawa shi ne babbar hujjar da aka dogara da ita.

Za a ce ajali ne ke kashe mutum, ciwo sanadi ne kawai, bin diddigin sanadi kuma kamar jayayya ce da ƙaddara. Rabin farko gaskiya ne, rabi na biyu kuma tarihin Musulunci bai goyi bayansa ba. Malaman sira sun rubuta jinyar Manzon Allah (SAW) daki-daki: ciwon kai da zazzaɓi mai zafi, da komawarsa ɗakin Nana A'isha, har wafatinsa a Rabi'ul Awwal na shekara ta 11 bayan hijira. Sun rubuta cewa Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal a annobar Amwas suka rasu, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya sami labarin annobar, bai ɗauki hakan a matsayin raunin imani ba. Hadisai ma sun ambaci sanadin mutuwa da sunansa wajen lissafa shahidai, har da mai ciwon ciki da wanda ya nutse da macen da ta rasu wajen haihuwa. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana magabata kiran ciwo da sunansa ba.

Za a kuma ce rufin asiri ya fi, domin akwai ciwon da faɗinsa zai hana 'ya'yan gidan aure, kuma tono maganar fama miki ne. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma babu mai cewa a kai sunan ciwo rediyo ko a yi hirarsa a zaman makoki. Abin da ake nema shi ne waɗanda jininsu ɗaya da mamacin su sani, likitansu ma ya sani. Ɓoye wa maƙwabta sutura ce, ɓoye wa 'ya'ya kuwa cutarwa ce. Sannan shirun yana da tasa tsadar, domin inda ba a san sunan ciwo ba zargi ne ke cike gurbin. Tsohon da ya faɗi bakinsa ya karkace sai a ce jifa ne, a nuna kishiya ko abokin gaba a kasuwa, zumunci ya watse a kan abin da hawan jini ya yi. Sanin gaskiya yana wanke wanda aka zarga, yana kuma sauke wa 'ya'yan da suka yi jinya nauyin tunanin cewa sakacinsu ne.

Ko iyayen da suka rasu ba a kai su asibiti ba, ana iya tattara abin da ya rage. A tambayi gwaggo ko kawu ko wanda ya yi jinyar tun suna raye: shekara nawa mamacin, wata nawa ya kwanta, ƙafa ta kumbura, yana yawan fitsari da ƙishirwa, ya yi tari da jini, wane magani yake sha. A rubuta, a haɗa da katin asibiti da sakamakon gwaji in akwai, a ajiye tare da takardun gado. Babban ɗa ko babbar 'ya su tara ƙanne bayan an share makoki su faɗa musu, kowa ya je a auna jininsa da sugansa da hantarsa. Addu'a da sadaka haƙƙin mamaci ne a kan 'ya'yansa, kuma ɗan da ya kula da lafiyarsa saboda darasin jinyar mahaifinsa ya fi samun ƙarfin sauke wannan haƙƙi da riƙe marayun da aka bar masa.