TARON LANDAN NA 1926 DA HARUFFAN DA MUKE KARANTAWA

Duk wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci na wata ikilisiya a ƙauyukan Malumfashi ya san inda malami yakan sha fama. A kan haruffa uku ne: ɓ, ɗ da ƙ. Tsohon da ya taso daga gonar auduga ya zo koyon karatu, sai an nuna masa cewa ɗan ƙugiyar nan ce ta raba “fada” da “faɗa”, ta raba “kafa” da “ƙafa”. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa labarin ƙugiyar ya bi ta wani taron masana da aka yi a Landan, babban birnin Ingila.

A watan Yuni na 1926 masana harsuna da shugabannin mishan da jami'an mulkin mallaka daga ƙasashen Turai dabam-dabam suka hallara a Landan, suka kafa wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka. Lugga, tsohon gwamnan Nijeriya, shi aka ba shugabanci. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zama babban sakatare. Wani Bajamushe masanin harsuna, Diedrich Westermann, wanda ya taɓa aikin mishan a ƙasar Togo, yana cikin masu jan ragamar bincike. J. H. Oldham, sakataren majalisar mishan ta duniya, yana cikin waɗanda suka dage sai an yi wannan zama.

Me ya sa Landan? To, a lokacin can komai na wannan aiki yana tattare. Ofishin kula da ƙasashen mallaka yana can. Hedkwatar mishan ɗin C.M.S., wadda ta aiko Likita Miller Zariya, tana can. Ƙungiyar da ke buga Littafi Mai Tsarki cikin harsunan duniya ita ma tana can, ga kuma makarantar koyon harsunan Gabas da aka kafa a 1916, wadda yau ake kira SOAS. Malami da mai kuɗin buga littafi da mai sa hannu a takarda duk suna gari ɗaya.

Matsalar da ke gabansu babba ce. Kowace mishan da kowace gwamnati tana rubuta harsunan Afirka yadda ta ga dama. A tsofaffin littattafan Hausa za ku ga wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gefensa. A 1927 cibiyar ta fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutu, ta gyara shi a 1930, inda ta ba da shawarar kowane sauti ya sami harafinsa. Hausa ba ta karɓa nan take ba, an ɗauki shekaru ana ja-in-ja. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ƙamus na Bargery a 1934. Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka zauna da gindinsu a Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939.

Ba za mu raina wannan aiki ba, muna cin moriyarsa kowace Lahadi. Amma dole mu faɗi gaskiya: Turawa ne suka cika kujerun wancan zaure, masu harshen kuwa suna gida. A 1966, da hukumar UNESCO ta kira taron daidaita rubutu a Bamako, an tattauna ƙa'idar Hausa a ƙasar Afirka mai 'yancin kanta. Daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ta riƙa kiran nata tarurrukan nazarin Hausa, Turawan ne kuma suke zuwa baƙunci.

Har ila yau akwai zare tsakanin Malumfashi da Landan. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan wannan yanki a farkon shekarun 1970 yana nazarin yadda mutane ke neman magani, ya zama farfesa a wata babbar kwaleji ta Landan, kuma abin da ya koya a gidajenmu ya shiga littattafan da ake karantawa a can. Ɗan Malumfashi kuwa, in an gayyace shi taro a Landan yau, sai ya fara fama da biza da kuɗin jirgi.

Cibiyar tana nan a Landan, mujallarta mai suna Africa tana fitowa tun 1928, kuma 2026 ce cikon shekara ɗari da wancan taro. A nan gida, samarinmu da ke aika ayoyi ta wayar hannu sun fara yar da ƙugiyar, wai neman ta a waya yana cin lokaci.