Yadda ake ƙwato asusun Steam da aka sace

A watan Disambar 2015, kamfanin Valve, mai dandalin wasanni na Steam, ya bayyana cewa ana sace asusu kusan 77,000 duk wata. Sau da yawa mai asusun ne ke miƙa makullinsa da hannunsa.

Saƙon yaudarar yakan fito daga aboki wanda tuni aka ƙwace nasa asusun, yana roƙon a zaɓi ƙungiyarsa a wata gasa. Adireshin da ya turo na kai mutum wani shafi mai kama da na Steam sak. Da zarar an rubuta kalmar sirri da lambar Steam Guard, sai ɓarawon ya shige, ya sauya imel da lambar waya.

Wanda abin ya faɗa wa, kalmar sirrin imel ɗinsa zai fara sauyawa, domin ta nan ake sake saita komai. Daga nan sai ya kai koke a help.steampowered.com, inda za a nemi shaidar mallaka, kamar lambar katin Steam Wallet da ya taɓa lodawa ko bayanan katin bankin da ya yi sayayya da shi. Wanda ya sayi asusun a hannun wani, da wuya ya iya kawo irin wannan shaida.